Euronymous: mai gitar da makashinsa ya gaji bakin ba da labarinsa

Masu bibiyar wannan shafi, yau ba Kannywood muka nufa ba, Norway za mu je. Ina so in ba ku tarihin Øystein Aarseth, wanda duniya ta fi sani da Euronymous, don na lura kusan duk fim ɗin dokumentarin da aka yi a kan kiɗan black metal da sunansa yake buɗewa, amma fa shi da kansa ba ya nan balle ya ce uffan.

An haife shi a 1968. Yana ɗan shekara 16, wato 1984, shi da abokansa Necrobutcher da Manheim suka kafa ƙungiyar Mayhem a wajen birnin Oslo. Ga wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba: ganguna ne a guje, gita mai zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, mawaƙi kuma yana ƙaraji da maƙogwaro, fuska a shafe da fari da baƙi sai ka ce gawa. Salon kaɗa gitarsa na daga cikin abin da makaɗan ƙasar suka kwaikwaya. A 1987 suka fitar da Deathcrush, a 1988 kuma wani matashi ɗan Sweden mai suna Per Ohlin, wanda ake kira Dead, ya zama mawaƙinsu.

A watan Afrilun 1991 Dead ya kashe kansa a gidan da suke zaune. Euronymous ne ya tarar da gawar, kuma maimakon ya fara kiran 'yan sanda sai ya ɗauki hotunanta. Wannan abu ya ɓata wa Necrobutcher rai har ya bar ƙungiyar. Ni dai a nan nake ganin wasan ban tsoron da suke yi ya fara cin mutane da gaske.

A shekarar ya buɗe shagon faifai a Oslo mai suna Helvete, ma'ana Jahannama, yana kuma tafiyar da kamfanin Deathlike Silence. Shagon ya zama majalisar samarin harkar. Daga 1992 aka shiga ƙona coci-coci, ciki har da tsohon cocin katako na Fantoft da ke Bergen. Cikin samarin akwai Varg Vikernes mai Burzum, wanda Euronymous ya fitar wa faifai. Abota ta rikiɗe gaba, har da rigimar kuɗi. Ranar 10 ga Agustan 1993 Vikernes ya je gidansa a Oslo ya daba masa wuƙa sau 23. Shekararsa 25. A 1994 kotu ta yanke wa Vikernes shekara 21, hukunci mafi tsanani a ƙasar a lokacin, a shekarar ce kuma De Mysteriis Dom Sathanas ya fito, gitar mamaci da bas ɗin makashinsa a faifai ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙa. Fim ɗin Until the Light Takes Us na 2008, wanda Amurkawa Aaron Aites da Audrey Ewell suka shirya, ya ba Vikernes fili daga cikin kurkuku. Yana zaune tsaf, yana bayani cikin natsuwa cewa kare kansa ya yi, hujjar da kotu ba ta karɓa ba. Masu fim ɗin ba su tsare shi da tambayoyi masu zafi ba, abin da masu sharhi da dama suka soka. Mai kallo sabon shiga kan iya tashi da tunanin cewa mamacin ne mai laifi.

Ba wanke Euronymous nake yi ba. Maganar hotunan nan kaɗai ta isa. Amma idan za ku kalla, ku haɗa da Once Upon a Time in Norway na 2007, inda tsofaffin abokansa ke magana. Lords of Chaos na 2018 kuwa, wanda Rory Culkin ya fito a matsayinsa, wasan kwaikwayo ne, kada ku ɗauke shi hujja. Kowanne kuka kunna, ku duba wa aka miƙa wa makirufo, wa kuma aka bari a kabari.