TARIHI: Jack Kirby, mai zanen da ya ƙirƙiri jarumai wasu suka kwashi riba

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasan tebur da manya ke kashe wa kuɗi da lokaci. Mutum biyu kan jera 'yan mutum-mutumin roba na jaruman Marvel, kowa da rundunarsa, su riƙa auna tazara suna jefa ɗan ludo domin sanin wanda ya kayar da wani. HeroClix ya fito a 2002 da jarumai masu fenti, sai Marvel: Crisis Protocol a 2019, wanda mai saye ke harhaɗawa ya yi wa fenti da kansa. Da yawa daga cikin jaruman da ake tarawa ɗin nan daga alƙalamin mutum ɗaya suka fito, wato Jack Kirby.

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1917, a wata unguwar talakawa ta birnin New York, aka raɗa masa suna Jacob Kurtzberg. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Ostiriya, mahaifinsa kuwa ma'aikacin masana'antar tufafi ne. Kusan da kansa ya koya wa kansa zane.

Shi da abokin aikinsa Joe Simon ne suka ƙirƙiri Captain America. Bangon fitowar farko, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, ya nuna jarumin yana naushin Hitler tun kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 aka ɗauki Kirby soja, ya yi yaƙi a Faransa, inda tsananin sanyi ya kusa sa a yanke masa ƙafafu.

Zamanin da tauraronsa ya fi haskawa ya soma ne a 1961, lokacin da shi da edita Stan Lee suka fito da Fantastic Four. Hulk da Thor suka biyo baya a 1962, X-Men da Avengers a 1963, sai Black Panther, sarkin ƙagaggiyar ƙasar Wakanda ta Afirka, a 1966.

Tsarin aikin shi ne Lee ya ba da taƙaitaccen jigo, Kirby ya shimfiɗa labarin shafi bayan shafi cikin zane, sannan Lee ya saka kalaman da jarumai ke furtawa. Ana biyan Kirby ne a kan kowane shafi, ba shi da haƙƙin mallakar ko ɗaya daga cikin jaruman, kuma sunan Lee ne jama'a suka fi sani. Abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Takaicin haka ya sa ya koma kamfanin DC a 1970, inda ya ƙirƙiri Darkseid. Daga baya ya shafe shekaru yana neman Marvel ya mayar masa da ainihin zanen hannunsa. Sai a 1987 ya karɓi shafuka kusan 2,000, ɗan kaɗan daga cikin dubban da ya zana.

Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1994, a jihar California, yana da shekara 76. A 2009 kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kusan dala biliyan 4. A shekarar ce 'ya'yansa suka nemi haƙƙin mallakar ayyukan mahaifinsu. Sun sha kaye a ƙananan kotuna, amma aka sasanta a Satumbar 2014, ana dab da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ko za ta saurari ƙarar. Tun daga lokacin Marvel ke rubuta sunan Kirby a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri jaruman, shekara 20 bayan an binne shi.