Carl Philipp Emanuel Bach, Gwanin Kilabikod

An haifi Carl Philipp Emanuel Bach a garin Weimar na ƙasar Jamus a ranar 8 ga Maris, 1714. Mahaifinsa shi ne Johann Sebastian Bach, babban mai tsara kiɗa na zamanin da Turawa suke kira Barok. Mahaifiyarsa, Maria Barbara, ta rasu yana ɗan shekara 6. A shekarar 1723 iyalin suka koma birnin Leipzig, inda ya yi makaranta. Kiɗa gadon gidansu ne, kuma bai taɓa samun wani malamin kiɗa ba sai mahaifinsa. Duk da haka, da ya shiga jami'a a 1731, ilimin shari'a ya karanta. Bayan ya kammala a 1738, bai yi aikin lauya ba. Sai ya koma wa sana'ar gidansu.

Abin kiɗan da ya fi ƙauna shi ne kilabikod. Kilabikod akwati ne na katako mai tsawo, wanda aka jera wa tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, da madannai a gaba irin na fiyano. Idan makaɗi ya danna madanni, sai wani ɗan ƙarfen tagulla ya tashi ya bugi tsirkiya, ya tsaya a jikinta har sai an ɗaga yatsa. Saboda haka yatsan makaɗi yana da iko a kan sautin daga farkonsa har ƙarshensa. Yana iya ƙara shi ko ya sassauta shi. Yana kuma iya girgiza yatsa a hankali, sai sautin ya riƙa rawa kamar muryar mawaƙi. Hafsikod, wanda aka fi amfani da shi a fadoji, ba ya iya wannan, domin tsirkiyarsa ƙyasta ta ake yi. Amma kilabikod yana da rauni guda: muryarsa ƙarama ce ƙwarai. Ba ya cika babban zaure. Abin kiɗan ɗaki ne, na mutum ɗaya ko 'yan masu sauraro kaɗan.

A 1740 Bach ya zama makaɗin fadar Sarki Frederick na Biyu na ƙasar Prussia. Sarkin yana son busa sarewa, kuma aikin Bach shi ne ya riƙa yi masa rakiya da hafsikod. Ya shafe kusan shekara 30 yana wannan hidima, amma bai samu darajar da ta kamace shi ba. Albashin Quantz, malamin sarewar sarki, ya ninka nasa sau da yawa. Sarkin kuma bai damu sosai da irin kiɗan da Bach yake tsarawa ba. Bach bai bari wannan ya karya masa zuciya ba. Ya ci gaba da rubuta kiɗa, yana kuma koyar da almajirai.

A wannan lokaci ne ya rubuta littafinsa a kan sahihiyar hanyar kaɗa kayan kiɗa masu madannai. Kashi na farko ya fito a 1753, na biyu a 1762. A ciki ya bayyana yadda ake ɗora yatsu, ya nuna amfanin babban yatsa, wanda makaɗan dā ba su cika aiki da shi ba. Ya kuma yi bayanin ƙananan adon da ake yi wa kiɗa. Babban darasinsa shi ne, dole makaɗi ya fara jin abu a ransa kafin ya iya taɓa zuciyar mai sauraro. A ganinsa, a kan kilabikod ne aka fi gane gwanintar makaɗi, domin ba ya ɓoye kuskure.

A 1767 Telemann, ubansa na baftisma, ya rasu a Hamburg. Aka zaɓi Bach ya gaje shi. Da ƙyar sarki ya sallame shi. A 1768 ya zama shugaban kiɗa na manyan majami'u 5 na birnin. A 1772 wani Baturen Ingila, Charles Burney, ya kai masa ziyara. Ya ba da labarin cewa bayan cin abinci Bach ya zauna ga kilabikod ɗinsa, ya yi ta kiɗa har kusan ƙarfe 11 na dare, gumi yana zuba a fuskarsa, kamar ya manta akwai kowa a ɗakin. A 1781, da zai rabu da wannan kilabikod, wanda Silbermann ya ƙera, sai ya tsara kiɗa na musamman don yi masa ban kwana.

Bach bai manta da mahaifinsa ba. Bayan rasuwar tsohon a 1750, mutane suka fara ɗaukar kiɗansa a matsayin tsohon yayi. Ɗan ya adana takardun da ya gada da kyau, kuma ta wannan hanya ce ayyuka da yawa na mahaifin suka tsira har suka iso gare mu.

Ya rasu a Hamburg a ranar 14 ga Disamba, 1788, aka binne shi a majami'ar Saint Michael. Ba a daɗe ba fiyano ya ture kilabikod gefe, amma koyarwar Bach ba ta ɓace ba. Haydn ya yi nazarin ayyukansa, Beethoven kuma ya koyar da almajirinsa Czerny da littafinsa.

Tambayoyi

1. Wane ne ya koya wa Bach kiɗa?
2. Mene ne bambancin kilabikod da hafsikod?
3. Me ya sa Bach bai ji daɗin zaman fada ba?
4. Wane alheri ya yi wa mahaifinsa bayan rasuwarsa?