Moe Berg: Daga Karanta Masu Bugun Ƙwallo Zuwa Leƙen Asirin Bam Ɗin Jamus

Mai kallon tamaula a filayen Kafanchan ko Fadan Kaje ya san cewa gwanin mai tsaron gida kan karanta ƙafar ɗan gaba tun kafin a saki ƙwallo. A wasan besbol na Amurka, irin wannan nauyin yana kan mai cafke ƙwallo, wanda ke tsugunawa a bayan mai bugu na abokan hamayya. Yana lura da tsayuwar mai bugun, da yadda ya riƙe sanda, da irin jifan da ya rikita shi a baya, sannan ya yi wa mai jifa ishara da yatsu kan abin da zai jefo. A cikin waɗanda suka riƙe wannan gurbi, da wuya a sami mai tarihi irin na Moe Berg.

An haifi Morris Berg a birnin New York ranar 2 ga Maris, 1902, ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya kuma girma a Newark inda mahaifinsa ke da kantin magani. Yana ɗan shekara bakwai ya fara wasa a ƙungiyar yara ta wata majami'a da sunan aro. Ya karanci harsuna a Jami'ar Princeton, ya kammala a 1923, daga baya ya yi karatun lauya a Columbia.

Ba a gurbin cafkewa ya faro ba. A 1927 ne, bayan masu cafke ƙwallon Chicago White Sox sun ji rauni ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora masa aikin. Bugunsa bai taka kara ya karya ba, amma nazarinsa na masu bugu ya sa ya yi kakar wasa 15 a babbar gasar ƙasar, har ya yi ritaya a Boston Red Sox a 1939. A 1941 ya wallafa maƙala a mujallar Atlantic Monthly kan dabarun da ke tsakanin mai jifa da mai cafkewa.

A 1934 ya bi tawagar taurari irin su Babe Ruth zuwa Japan, inda ya haye rufin wani asibiti a asirce ya ɗauki hoton bidiyon birnin Tokyo. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga hukumar leƙen asiri ta OSS, wadda CIA ta gada.

Aikinsa mafi haɗari ya zo a Disambar 1944 a birnin Zurich. An tura shi sauraron laccar masanin kimiyyar Jamus, Werner Heisenberg, da bindiga a aljihu da umarnin ya harbe shi idan ya fahimci Jamus ta kusa ƙera bam ɗin nukiliya. Ran mutum ya rataya ne a kan fahimtar mai sauraro guda. Berg ya zauna, ya saurara, ya auna, ya yanke hukuncin cewa Jamus na da sauran tafiya. Bai harba ba, kuma binciken da aka yi bayan yaƙi ya gaskata shi.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi armashi ba. An ba shi lambar yabo ta 'Yanci ya ƙi karɓa. Bayan ɗan aikin da ya yi wa CIA a farkon shekarun 1950, bai sake riƙe aiki tsayayye ba. Bai yi aure ba, ya zauna a gidan yayansa, daga baya a wurin 'yar'uwarsa Ethel. Ya rasu ranar 29 ga Mayu, 1972, a jihar New Jersey yana da shekara 70, bai rubuta tarihin kansa ba. Ethel ce ta karɓi lambar yabon bayan rasuwarsa.