Tarihin Jacques Plante, golan da ya rufe fuskarsa

An haifi Jacques Plante ne a ranar 17 ga watan Janairun 1929 a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, kuma shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya 11.

Ya tashi cikin talauci a garin Shawinigan, yana fama da cutar asma, amma hakan bai hana shi zama mai tsaron gida a wasan hoki na kan ƙanƙara ba.

A wannan wasa, 'yan wasa kan doki wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda, kuma a zamanin Plante masu tsaron gida na tarar faifan ne da fuska a buɗe, domin ana ɗaukar rufe ta a matsayin ragwantaka.

Tun a 1956 Plante yake sanya kariyar fuska a lokacin atisaye, sai dai kocin ƙungiyarsa ta Montreal Canadiens, Toe Blake, ya hana shi shiga gasa da ita, yana ganin za ta tare masa gani.

A ranar 1 ga watan Nuwamban 1959, a birnin New York, ɗan wasan Rangers Andy Bathgate ya doko faifan ya same shi a fuska, mintuna kaɗan da fara wasa.

Aka fita da shi jina-jina aka yi masa ɗinki. Da ya dawo sai ya kafe cewa ba zai koma fili ba sai da kariyar.

Da yake ƙungiyar ba ta da wani golan a daren, ala tilas Blake ya amince. Montreal ta ci 3 da 1.

An yi ta yi masa ba'a, ana kiransa matsoraci, amma ƙungiyar ta jera wasanni 18 ba a doke ta ba. Da ya cire kariyar a watan Maris na 1960 bisa buƙatar kocin, Detroit ta ci su 3 da nema, daga nan maganar ta mutu.

Plante ya ɗauki kofin Stanley sau 6 tare da Montreal, ya kuma samu kyautar Vezina ta masu tsaron gida sau 7.

Ya yi ritaya a 1965, sannan ya dawo a 1968 da ƙungiyar St. Louis. A wasan ƙarshe na 1970 faifan ya sake samunsa a goshi, kariyar ta tsage, ya suma, aka kai shi asibiti. Daga baya ya bayyana cewa kariyar ce ta ceci ransa, ya kuma ci gaba da wasa har 1975.

Kafin wannan lokaci, babu sauran gola a gasar NHL da ke wasa da fuska a buɗe.

Plante ya mutu a birnin Geneva na Suwizalan a ranar 27 ga watan Fabrairun 1986, sakamakon cutar daji ta ciki, yana da shekaru 57.