Walter Gowans, Saurayin da Ya Ƙi Karɓan Bayi

Karatu: Luka 14:25-33

A cikin wannan nassi Ubangijinmu ya kawo misalin mutum mai nufin gina hasumiya, wanda ya wajaba ya fara zama ya lasafta abin da ginin zai ci. Yau za mu duba labarin wani saurayi da ya yi irin wannan lissafi tun yana gida, sa'an nan aka zo aka gwada shi a sansanin Sarkin Kontagora.

An haifi Walter Gowans a shekara ta 1868. Iyayensa mutanen Sikotlan ne, amma mazauna Toronto a ƙasar Kanada. Tun yana saurayi zuciyarsa ta kafu a kan ƙasar Sudan, watau sunan da Turawan zamanin nan su ke kiran dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Hamada, har da ƙasar Hausa. Ya nemi ƙungiyoyin bishara na Amurka su aike shi, ba wadda ta yarda. Ya ƙetare zuwa Ingila, can ma haka. Uwarsa, Margaret Gowans, ita ce ta zaunar da wani saurayi mai suna Rowland Bingham a gidanta, ta yi ta ba shi labarin Sudan har shi ma abin ya kama shi. Na ukunsu Thomas Kent ne, mutumin Amurka. Ran 4 ga Disamba, 1893, su ukun suka sauka Ikko, ba ƙungiya a bayansu, guzurinsu kuwa kaɗan ne.

Masu bishara da suka tarar a Ikko sun gargaɗe su, suna gani ba za su kai Sudan da rai ba. Kada mu yi saurin ganin laifin dattawan nan, gama sun binne abokan aiki da yawa, kuma a lokacin ba wanda ya tabbatar sauro ne ke kawo zazzaɓi. Sai a 1897 aka gane haka. Ba a daɗe ba kuwa zazzaɓin ya kwantar da Bingham, aka shirya ya zauna Ikko ya riƙa aika musu da kaya. Gowans da Kent suka kama hanyar arewa a 1894. Da guzuri ya yi kasa, Kent ya juya ya ɗauko wani, Gowans ya tsaya jiransa a wani gari, shi kaɗai, ga atuni yana cinsa.

Sarkin Kontagora a zamanin nan shi ne Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse wanda ya kafa garin. Sarautar gidan kuwa Sarkin Sudan a ke ce mata. Ashe saurayin da ya bar gida domin Sudan, a hannun Sarkin Sudan zai faɗa. Ibrahim ya hau gadon sarauta a 1880, ya yi suna wajen yaƙi da kamun bayi, balle a ƙasar Gwari. Rundunarsa ta kewaye garin da Gowans ya ke ciki, yunwa ta sa mutanen gari suka ba da kai, aka kwashe su bayi.

Bisa ga abin da Bingham ya rubuta daga baya, Sarki bai taɓa lafiyar Baturen ba, har ma ya karɓe shi da girmamawa. Amma ya ɗauke hajjarsa, da alkawari zai biya shi. Da lokacin biya ya yi, sai aka miƙo masa bayi.

A nan ya kamata mu dakata, domin mu gane nauyin abin. A wancan zamani wuri ne kuɗi, wuri kuwa kaya ne mai nauyi. Kuɗi kaɗan sai ya cika kan ɗan dako. Saboda haka manyan fatake da sarakuna da bayi su ke biyan babban bashi, gama bawa kuɗi ne mai tafiya da ƙafarsa, a sayar da shi a kasuwar gaba a sayi abinci. A ganin fadawa, Sarki ya yi biya na mutunci. Gowans kuma hajjan nan ita ce abincinsa, ita ce ladan masu ɗaukar masa kaya, ita ce hanyarsa ta komawa gida. Ga shi ba lafiya, ba ɗan'uwa kusa da zai gani ya kai labari. Da ya so, da ya sami hujja: ya ce zai karɓe su ne ya 'yanta su a gaba, ko kuwa ya sayar da ɗaya domin aikin Ubangiji kada ya tsaya. Mun san irin hujjojin nan, gama da su mu kan rarrashi zuciyarmu ran da gaskiya ta yi tsada. Gowans ya ƙi. Mutanen da ya zo dominsu, bai yarda ya mai da su kuɗi ba.

Da ƙyar ya kai Zariya. Can ya gamu da waɗansu Turawa matafiya, waɗanda suka ga halin da ya ke ciki, suka shirya a ɗauke shi a koma da shi bakin teku. Bai yi nisa ba. A Girku, cikin ƙasar Zazzau, ya rasu a watan Nuwamba 1894, yana da shekara 26. Kent kuma, yana kan hanyar komowa da guzuri, ya rasu a Bida a watan Disamba.

Ba za mu ɓoye ba, shirin samarin nan bai cika ba, ba su kuwa bar ikilisiya ko ɗaya a bayansu ba. Bingham ya koma Kanada a 1895, ya kai wa Margaret Gowans 'yan kayan ɗanta. Ta nuna masa cewa mutuwar Walter a Sudan shi kaɗai ta fi mata sauƙi da a ce yana zaune gida cikin rashin biyayya ga Ubangijinsa.

Turawan mulki sun ci Kontagora a 1901. A 1903 suka mai da Ibrahim bisa sarautarsa, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1929. Bingham ya sāke gwadawa a 1900, ciwo ya kore shi. Sai a 1902 abokan aikinsa suka kafa tasha ta fari a Pategi, a bakin Kwara. Daga nan aikin S.I.M. ya bazu, ikilisiyoyin da suka fito daga cikinsa kuma suka haɗu a 1954 da sunan E.C.W.A.