Huygens da Watan Zuhalu

Cikin masanan taurari na Turai akwai wani wanda ba a cika jin sunansa a makarantunmu ba, ni kuwa ina ganin ya kamata duk mai shirin zama malami ya san shi. Shi ne Christiaan Huygens, mutumin ƙasar Holan. An haife shi a birnin Hague ran 14 ga Afril, 1629. Ubansa magatakardan masu sarautar ƙasar ne, ya tura shi Leiden don ya karanta shari'a da lissafi. Shari'ar ba ta zauna masa ba, lissafin ne ya kama zuciyarsa.

A zamanin nan madubin hangen nesa sabon abu ne, na sayarwa kuwa ba su da kirki. Sai shi da wansa suka shiga gurza gilashi da hannunsu. Ni da na tashi a Ushafa ina kallon mata masu ginin tukwane suna goge jikin tukunya da ɗan dutse har ta yi sheƙi, na san irin haƙurin da aikin nan ke bukata. Sai dai tukunya ko ta ɗan karkace tana riƙe ruwa, amma gilashi in ya karkace kaɗan, tauraro sai ya fito dishi-dishi, aikin ya ɓaci.

Ran 25 ga Maris, 1655, yana ɗan shekara 25, ya auna madubinsa ga tauraron Zuhalu, ya hangi wani ɗigon haske kusa da shi. Bai yi garajen shela ba. Ya dinga binsa dare bayan dare, har ya tabbata abin yana kewaya Zuhalu cikin kwana 16, watau wata ne kamar namu, sa'an nan ya buga labarin a 1656. Watan Zuhalu kurum ya kira shi. John Herschel ne ya raɗa masa suna Titan a 1847. A 1659 kuma Huygens ya warware abin da ya rikita Galileo tun 1610, ya nuna cewa abin nan mai kama da kunnuwa a gefen Zuhalu zobe ne mai faɗi, marar kauri, wanda bai taɓa jikin tauraron ba.

Shi ne ya ƙago agogo mai lilo a 1656. Sarkin Faransa Louis na 14 ya kira shi Faris a 1666, ya zauna can har 1681.

To, gwani ma yakan faɗi. Huygens ya ɗauka tun da taurari masu kewaya rana shida aka sani, watanni kuma da nasa sun cika shida, ai lissafi ya yi daidai, ba sauran wani wata. Ga mai ilmi irinsa, hujjar nan ta yi rauni ƙwarai. Cassini, mutumin Italiya, ya gano wa Zuhalu waɗansu watanni huɗu tsakanin 1671 da 1684, Huygens na da rai. Ya rasu a Hague ran 8 ga Yuli, 1695, bai taɓa aure ba. A littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a 1698, ya yi tunanin cewa in akwai ruwa a duniyoyi masu nisa da rana, lalle ba irin namu ba ne, domin namu daskarewa zai yi.

Nan kam ya dace. A 1997 aka harba kumbo mai sunan Cassini, ɗauke da ƙaramar na'ura mai sunan Huygens, wadda ta sauka a kan Titan ran 14 ga Janairu, 2005. Hazo mai kauri ya lulluɓe watan, ido ba ya ratsa shi, saboda haka kumbon ya yi aiki da rada. Kun san yadda yaro ke yin kuwwa a gindin duwatsun Ushafa, muryarsa ta komo masa? Haka rada ke yi, ta aika da igiyar rediyo, daga amsar da ta komo a zana surar ƙasa. Da ita aka ga tafkuna a 2006, na iskar gas da sanyi ya mayar ruwa. Ruwa irin namu kuwa ya daskare can ya zama tamkar fā.

Abin da ake gardama a kansa shi ne duwatsu masu aman ruwa da ƙanƙara maimakon wuta. Tun 2004 aka zaci wani wuri, Ganesa Macula, irinsu ne. Da aka sake auna shi sai aka ga ba tudu ba ne yadda aka zata. A 2010 aka nuna wani dutse, Doom Mons, mai tsawon ƙafa 4,700 da ɗoriya, kusa da shi ga wani rami, Sotra Patera, mai zurfin kamar mil guda, da alamun abin da ya malala. Waɗansu masana sun yarda, waɗansu sun ce iska da ruwan sama ma na iya sassaƙa irin wannan. Har kumbon ya gama aikinsa a 2017 ba a kama ko ɗaya yana cikin amai ba. Na'urar nan mai sunan Huygens kuwa tana can inda ta sauka, cikin tsakuwar ƙanƙara.