Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Malamin Da Ya Kai Labarin Mulki Zauren Talaka

A ƙasar Daura har yanzu akwai dattawan da suke iya tuna lokacin da mutum ɗaya yakan zauna a ƙofar gida da jarida a hannu yana karantawa, jama'a sun kewaye shi suna saurare. Jaridar nan ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, editanta na farko kuwa shi ne Alhaji Abubakar Imam. Shi ba mutumin Daura ba ne, amma aikinsa ya shiga makarantunmu da zaurukanmu, don haka ya kamata mu san shi.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, da ya gama a 1932 sai ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1934 aka haɗa Katsina da Daura suka zama lardi guda.

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labari da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja. A cikin littattafan da aka buga sakamakon wannan yunƙuri akwai Gandoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. East ya lura da gwanintar saurayin malamin, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce cikin littattafai uku.

Babban aikinsa ya fara ne a watan Janairu na 1939, sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Mutane ba su da inda za su tantance gaskiya, sai abin da suka tsinta a kasuwa. Imam ya riƙe jaridar shekara 12. A cikinta ya bayyana wa jama'a yadda yaƙin duniya na biyu yake gudana, da sababbin dokoki, da aikin majalisu, duk da Hausar da manomi da ɗan koli za su fahimta. Ya kuma buɗe filin wasiƙu, inda mai karatu daga kowane gari yake iya yin tambaya ko ya kai kuka, har maganarsa ta isa kunnen masu mulki.

Jaridar ta gwamnati ce, shi kuma ma'aikacinta ne, amma wannan bai sa ya yi shiru ba. A 1943 ya tafi Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe. A can ya sadu da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi, daga baya kuma ya rubuta masa wasiƙu a kan illolin mulkin En'e da yadda ba a sauraron matasa masu ilimi. Labarin tafiyar yana cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisa.

Da zaɓe ya shigo ƙasar nan, sai aka ga ba zai yi amfani ba muddin masu zaɓen ba su iya karatu ba. Saboda haka gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yake cikin jagororinsa. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka. Domin wanda ya koyi karatu ya sami abin karantawa, aka kafa hukumar buga littattafai ta NORLA a Zariya a 1954, Imam kuma ya yi aiki a cikinta. An riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna; ta Lardin Katsina sunanta Himma. A cikin littattafan Imam akwai Hausa Bakwai, mai ba da tarihin ƙasashen da Daura take uwa a gare su.

Bayan haka ya yi shekaru da dama a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, daga bisani ya zama kwamishinan sauraron koke-koken jama'a. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Ya rasu a Zariya a 1981.

'Yan'uwa, abin da rayuwar wannan bawan Allah take nuna mana shi ne, mutumin da bai san yadda ake mulkinsa ba, kowa ma yana iya juya shi. A yau jita-jita ta bar kasuwa ta koma cikin wayar hannu, tana kuma tafiya fiye da ta 1938. Har yanzu akwai iyayenmu da 'yan'uwanmu da suke dangwala wa takardar zaɓe yatsa ba tare da sun iya karanta abin da ke kanta ba. Wanda Allah ya ba shi karatu, to, bashi ne a kansa. Ya nemi mutum ɗaya a gidansu ko a unguwarsu ya koya masa, ya karanta wa maƙwabta labari mai tushe, ya kuma binciki magana kafin ya kai ta gaba.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.